Yadda Na Ƙera Tambarin Kaina Na Kuma Kare Shi a Gaban Malamai

Kafin a sallame mu zuwa horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ke kula da shi, malaminmu na zanen girafik ya ɗora mana wani aiki da ya cinye mana mafi yawan zangon karatu. Ya ce kowa ya zama kwastoman kansa. Ka ƙera wa kanka tambari, ka fitar da katin sana'a da takardar wasiƙa mai ɗauke da sunanka, ka haɗa kundin ayyukanka, sannan ka tsaya gaban malaman sashe ka kare duk abin da ka yi. Hujjarsa ita ce, maɗaba'a ko kamfanin talla a Jos ko Kaduna ko Abuja ba wasiƙar makaranta kaɗai suke dubawa ba. Suna so su ga hannunka, su kuma ji bakinka.

Kafin nan na sha yi wa mutane aiki a nan Bauchi: katin biki, kalandar walima, fostar saukar karatu, sitikar robar zoɓo. Amma a duk waɗannan mai aikin ne ke faɗin abin da yake so, ni kuwa in zana. Wannan karon babu mai faɗa mini komai.

Dokar farko da Malam ya kafa ita ce, ba mai buɗe kwamfuta sai ya amsa tambaya ɗaya a rubuce, cikin jimla ɗaya: wa kake so ya kira ka, kuma don wane aiki? Yawancinmu amsa iri ɗaya muke da ita a baki, wato muna yin kowane irin zane. Malam ya ƙi karɓa. Ya ce wanda ya ce yana yin komai, ranar da ake neman mai yin wani takamaiman abu ba sunansa ne zai zo wa mutane a rai ba.

Sai na zazzage tsofaffin ayyukana daga waya da kwamfuta na jera su, na kuma bi mutanen da na taɓa yi wa aiki ina tambayarsu me ya sa suka dawo wurina. Amsar ta ba ni mamaki. Ba wadda ta ce mini don launi ne ko don ado. Wata mai humra da turaren wuta a unguwarmu ta ce, "Ke dai ba kya ɓata Hausa." Wata mai dambun nama ta ce tsohuwarta ma tana iya karanta sitikar ba tare da tabarau ba. Da na sake duba tarin ayyukan, sai na ga waɗanda suka fi fita da kyau kusan duk na mata masu sana'ar cikin gida ne: yaji, garin kunu, man shanu, kunun aya, turare. Daga nan jimlata ta fito. Na rubuta cewa ina zana tambari da sitikar kaya ga masu ƙananan sana'o'i, da Hausa daidai, wadda ake karantawa daga nesa. Duk abin da ya biyo baya da wannan jimla na riƙa auna shi.

Daga nan sai fensir da takarda. Abin da hannun kusan kowa a ajinmu ya fara kaiwa gare shi shi ne dagin Arewa. Ba laifi ba ne, alama ce mai kyau, kuma tamu ce. Sai dai tana jikin ƙofofi, tana jikin huluna da riguna, tana kan tambarin ƙungiyoyi da gidajen abinci ba adadi. Abin da ya zama na Arewa gaba ɗaya ba zai nuna mutum ɗaya ba. Na ajiye shi. Na shiga cikin gari wajen fadar Sarkin Bauchi ina kallon adon bangon tsofaffin zaurruka, na zauna wurin masu ɗinkin hannu na kwafi aska takwas da ke gaban babbar riga, na ɗauko allon saukar yayana na zauna da zayyanar da ke jikinsa. Na cika shafuka da zane, amma duk abin da na fitar ado ne kawai, bai ce komai game da ni ba.

Mafitar ta zo daga sunana. Sunan kakanmu da nake amfani da shi a makaranta da harafin Ɗ yake farawa. Wannan harafi ne da ake yawan yi wa rashin adalci a allunan shaguna da fostoci, a rubuta shi D kawai a wuce, ko a liƙa masa waƙafi a gefe. Ni kuwa aikin da mutane suka yaba mini a kai shi ne kula da irin waɗannan haruffa. Sai na ce to, ƙugiyar nan ta Ɗ ita ce za ta zama tambarina.

Na je wurin kawuna, wanda malamin allo ne, na roƙe shi ya fere mini alƙalamin kara. Ya ɗauko aska ya yanke bakin karan a karkace, ya tsaga shi kaɗan a tsakiya, ya tsoma a tawada ya gwada a kan allo kafin ya miƙo mini. Bakin alƙalamin yana da faɗi, don haka idan ka ja shi ƙasa sai layin ya yi kauri, idan ka karkata zuwa gefe sai ya sirance da kansa. Na yi ta rubuta Ɗ a kan farar takarda har tawadar ta ɓata mini yatsu. A cikin tarin akwai guda ɗaya da ƙugiyarsa ta lanƙwaso ta tsaya cak, ba ta yi tsawo ba, ba ta kuma ɓuya ba. Shi na ɗauki hotonsa na shigar a kwamfuta, na bi gefensa da layi a manhajar zane ta CorelDRAW.

Wannan bin layi ba ƙawa ba ce. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne, idan ka ƙara masa girma sai ya dushe ya farfashe. Zanen layi kuwa, wanda 'yan sana'a ke kira bekta, lissafi ne kwamfuta ke yi, don haka ko a kan katin aljihu ko a kan bana mai faɗin bango kaifinsa ɗaya. CorelDRAW na zaɓa domin shi ne a kan teburin yawancin masu ɗab'i a garin nan. Mai Illustrator ma zai yi, wanda ba shi da kuɗin lasisi kuma ga Inkscape kyauta.

Da farko na kewaye harafin da zobe mai ƙananan zane irin na zayyana, kuma a fuskar kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Amma Malam ya sa kowa ya bi da tambarinsa ta wasu gwaje-gwaje: a mai da shi baƙi zalla, a rage shi zuwa faɗin santimita 1, a yi masa fotokwafi, a sassaƙa shi a hatimin roba, a sa shi cikin da'irar hoton WhatsApp. A santimita 1 zoben ya cure ya zama baƙin tabo. Na cire shi, kuma ban ji daɗin cirewar ba, don na ɓata lokaci a kansa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne labarin tutar ƙasar nan. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da zanensa ya ci gasa a 1959, kuma a zanen nasa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore da fari da kore, abin da kowane ɗan firamare zai iya zanawa da ka.

Inda na fi daɗewa shi ne zaɓen salon haruffan da za su riƙa tafiya da tambarin. Wanda bai taɓa aikin ɗab'i da Hausa ba, ba zai san wannan wahala ba. Za ka sami salon rubutu mai kyau a intanet, ka sauke, ka fara bugawa, da ka zo kan ɓ ko ɗ ko ƙ sai kwamfuta ta ba ka akwatin da babu komai a ciki, ko ta aro harafin daga wani salon dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma siriri alhali 'yan uwansa masu kauri ne. Dalili shi ne masu ƙera yawancin waɗannan haruffa harsunan Turai suka sa a gaba. Saboda haka na rubuta jimla guda mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, duk salon da ya burge ni sai na fara gwada shi da ita kafin in dubi kyansa. Da yawa a nan suka faɗi. Waɗanda suka tsallake sun haɗa da Noto Sans na Google, da Charis SIL da Andika na ƙungiyar SIL, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su ba tare da biyan kuɗi ba. Na ɗauki Noto Sans don ƙananan bayanai kamar lambar waya da adireshi, na bar Charis SIL don kanun rubutu.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan. Mai zanen da ya karɓi kuɗin Bahaushiya ya buga mata sitika da haruffan da aka yanke wa ƙugiya bai gama aikinsa ba, ko da ita ba ta lura ba. Ba don haruffan babu su ba ne, nema ne ba a yi ba.

Launi biyu na tsayar: shuɗi mai duhu irin na rinin baba, da ja irin na jar ƙasar gini. Ina da dalilin ido, domin kayan kwastomomina yawanci ja ne da rawaya da ruwan zinare, kuma ina so ɗan tambarina da zai zauna a ƙasan sitikarsu ya natsu, kada ya yi gasa da nasu. Dalilin aljihu kuwa a maɗaba'a na koye shi.

Akwai wani dattijo mai maɗaba'a wajen kasuwar Wunti da na saba kai wa aiki, Baba nake ce masa. Ranar da na kai masa fayil ɗin katina injin Kord yana aiki, ƙararsa ta cika shagon, warin tawada da kananzir ya kama ko'ina, wani yaro yana jera takardun da ke fitowa yana buga gefensu a kan tebur. Baba ya ja kujera ya buɗe fayil ɗin, ya ce, "'Yar nan, zo ki tsaya nan ki gani." Ya bayyana mini cewa injin nan launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, kuma kowane launi da farantinsa, wato fallen ƙarfen da ake fitar da zanen a jikinsa. Aiki mai cikakken launi faranti huɗu yake ci, takarda ta ratsa injin sau huɗu. Mai launi biyu kuwa faranti biyu ne. Ga mai sayar da yaji da ke lissafin kowace naira, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ya ce idan kati kaɗan nake so, gara a buga a injin DI da ba ya buƙatar faranti, sai aiki ya kai dubbai Kord ke yin araha.

Muka fitar da gwaji guda. Shuɗin da na gani a kwamfuta ya fito ya ɗan karkata zuwa shunayya. Abin da aka koya mana a aji ke nan, amma gani ya kori ji. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Takarda kuwa da tawada huɗu ake yi mata, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kuma akwai launukan da haske ke iya fitarwa waɗanda tawada ba ta kai su. Baba ya ce, "Ki rage jan nan, shi ke jan shuɗinki." Na bar tawadar shuɗin a kashi 100, na sauko da jan zuwa kashi 70, na ƙara baƙi, muka sake bugawa sai ga rinin baba sak. Na rubuta lambobin a littafina, su ne nake bai wa kowane mai ɗab'i yanzu, ba na cewa a yi mini shuɗi kawai.

Sauran abubuwan da ya duba da sauri ya duba su, don ya saba. Katin milimita 85 ne da 55, kuma launin bango ya zarce iyakar da milimita 3 ta kowane gefe, saboda wuƙar injin yanka ba ta sauka wuri ɗaya daidai kullum, in ba a bar wannan rarar ba sai farin layi ya fito a bakin kati. Ƙananan rubutu baƙi zalla ne, ba haɗin tawada huɗu ba, don kada su yi inuwa idan faranti ya ɗan goce. Hotuna suna da ɗigo 300 a kowane inci. Haruffa duka na mai da su zane kafin in kawo, domin kwamfutarsa ba lallai tana da salon da na yi amfani da shi ba, kuma Ɗ ɗina ne zai fara ɓacewa. Ya kuma ja mini kunne cewa in zan turo aiki ta WhatsApp in turo shi a matsayin fayil, don idan aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi ya rasa kaifi. Muka buga a kati mai nauyin giram 300.

Akwai wata shawara da ake yawan bai wa masu tallata kansu, wai dole fuskarka ta kasance ko'ina don mutane su amince da kai. Na yi tunani a kanta, na kuma yi magana da Umma da Yaya, na yanke cewa ba zan sa hotona ba. Mata da yawa a garin nan haka suke, kuma bai hana su ciniki ba. A Instagram da WhatsApp tambarin na sa a da'irar hoto. Abin da nake nunawa shi ne hannuna a kan aiki: ina riƙe da alƙalamin kara, ina liƙa sitika a jikin kwalba, ina gwada launi biyu a gefen juna. 'Yan ajinmu da suka sa fuskarsu ban ga laifinsu ba. Abin da ya kamata dai shi ne mutum ya san me ya sa ya zaɓi abin da ya zaɓa.

Kundin ayyuka bai ba ni wuya sosai ba, tunda jimlata ta riga ta yi mini tankaɗe. Duk abin da bai shafi tambari da sitikar kaya ba na cire, har da wata fostar Yankari da nake ji da ita. Kowane aikin da ya rage na ba shi shafi: matsalar da mai kaya ta zo da ita, zanen fensir na farko, sannan hoton kayan na gaske a hannu ko a kan kanta. Na fitar da shi PDF mara nauyi da zai buɗe ko data ta yi ƙasa, na ɗora wani a Behance, shafin intanet da masu zane ke baje ayyukansu, na kuma buga na takarda A3.

Sai babban abin, wato tsayuwa a yi magana. Malam ya ɗora mu a kan tsarin PechaKucha, wanda wasu masu zanen gine-gine biyu, Astrid Klein da Mark Dytham, suka fara a Tokiyo a 2003: hoto 20, kowanne daƙiƙa 20, jimla minti 6 da daƙiƙa 40. Hoton da kansa yake wucewa, ba ya jiran ka gama. Ba wurin kame-kame, ba kuma wurin cika allo da rubutu ka juya baya kana karantawa.

Game da jerin hotunan, ya ce mu je hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa mu kula da yadda aka tsara shigarsa. Na taɓa zuwa tun ina firamare, amma wannan karon da idon mai zane na je. Ba kai tsaye ake kai ka kan kabarin ba. Sai ka bi ta wani lungu mai duhu tsakanin dogayen bango, haske kaɗan-kaɗan yana shigowa, kafin ka fita fili inda babu rufi sai sararin sama. Wanda ya tsara ginin ya san abin da yake so ka fara ji da abin da yake so ka gani daga baya. Da na dawo sai na sauya jerina. Na ɗauke tambarin daga hoton farko. Na fara da hotunan allunan shaguna da na ɗauka a kasuwar Muda Lawal da Wunti, masu Hausar da aka yanke wa ƙugiya, na rufe sunayen shagunan. Sannan matan da nake yi wa aiki da irin kayansu, sannan alƙalamin kawu, sannan tarin Ɗ, sai can wajen tsakiya tambarin ya fito. Kafin a gan shi an riga an san me ya kawo shi.

Da Ingilishi za a gabatar, amma da Hausa na fara atisaye, a tsakar gida bayan sallar isha'i, Umma da Goggo suna zaune a tabarma. Na yi haka ne da gangan. A Ingilishi ɗalibin zane yana iya ɓuya a bayan manyan kalmomin da ya haddace, ya ce aikinsa na zamani ne, mai sauƙi, mai tsafta, a gyaɗa kai alhali bai ce komai ba. Goggo ba ta karɓar wannan. Da na nuna launin sai ta ce, "To me ya sa shuɗi, ba kore ba?" Na ce yana da kyau. Ta ce, "Kore ma yana da kyau." Sai da na kawo mata zancen kayan mata masu ja da rawaya da zancen faranti biyu ta ce yanzu ta ji magana. Haka muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na kasa faɗa wa Goggo dalilinsa cikin numfashi ɗaya, ko dai na nemo dalilin ko na cire hoton. Da na zo mai da bayanin Ingilishi sai ya zo da sauƙi, domin akwai abin faɗa.

Na riƙa naɗar muryata a waya ina saurare. Na ji ina gudu, musamman idan hoto ya kusa wucewa, ina kuma haɗiye ƙarshen jimla. Yaya ne ya ce in nemo jawabin da Tafawa Ɓalewa ya yi ranar 1 ga Oktoban 1960 in saurara. Ba banza aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare ba, kuma malamin makaranta ne a garin nan kafin siyasa. Abin da na ɗauka a wurinsa shi ne rashin gaggawa. Yana kai kowace kalma ƙarshenta, yana tsayawa, kuma shirun nasa bai sa a ga kamar ya manta ba. Na rage yawan maganata a kowane hoto zuwa jimla biyu, na bar wa mutane lokacin kallo.

Zancen ido ya fi wannan nauyi a wurina. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban manya, kuma ba na ganin wannan a matsayin abin da zan yar. Amma mai bayani da kansa a ƙasa muryarsa ma ƙasa take tafiya. Abin da na tsayar shi ne, a farkon kowace magana in ɗaga kai in dubi ɗaya daga cikin malaman na ɗan lokaci, sannan in mai da ido kan allo tare da su, magana ta gaba in dubi wani. Ba zuru ba, ba kuma ɓuya ba. Na tsaya a gefen allo, ba a gabansa ba, da kati a hannuna don kada hannun ya rasa abin yi.

Ana gobe na je ɗakin na duba majigin: wace irin waya yake karɓa, HDMI ko VGA, kuma faɗin hotonsa 16:9 ne ko 4:3. Na ga hasken taga yana wanke launuka marasa ƙarfi, sai na ƙara wa rubutuna duhu. Na ajiye aikin a PowerPoint da PDF, a filash da waya, ga kuma na takarda.

Ranar na yi sallama, na gaida malamai a taƙaice, na faɗi jimlata, hotuna suka fara tafiya. Gwiwata ta yi rawa a farko, daga baya ta daina. Da tambarin ya fito na yi shiru na bar shi. Da na gama na bi su ɗaya-ɗaya na miƙa katin da hannu biyu, na ajiye hatimin roba da kwalbar turare mai sitikata a kan tebur, domin abin da aka taɓa da hannu ya fi zama a rai.

Wata malama ta tambaye ni yadda nake yanke farashi. Ta tuna mana cewa Carolyn Davidson ɗalibar zane ce a Amurka lokacin da ta zana alamar Nike a 1971 aka biya ta dala 35, kuma ɗalibi ne ya fi kowa saurin sayar da aikinsa da arha. Na nuna mata takardar da na tsara: abin da kwastoma za ta samu, sau nawa za a yi gyara, rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran ranar miƙa fayil. Ta ce in ƙara layin da ke faɗin wanda ya mallaki zanen bayan an biya, in kuma bincika sunan sana'ata a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kafin in buga kati da yawa.

Tambayar da ta fi tsaya mini ta fito daga wani dattijon malami da bai ce komai ba tun farko. Ya juya katin a hannunsa ya ce, "Malama, kin ce matan cikin gida kike yi wa aiki. Wadda ba ta yi boko ba amma tana karanta ajami fa, me ta samu a nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin abin da na kawo yau, amma tambaya ce da ta shafi aikina kai tsaye, kuma ga yadda zan bi ta." Na ce SIL suna da haruffan ajami da aka ƙera don yankinmu, Alkalami mai bin salon rubutun Kano da kuma Harmattan, kuma zan koma wurin kawuna ya duba mini kowace kalma kafin a buga. Ya ce in dubi takardar naira 500 da ta 1000, har yanzu da ajami a jikinsu, kuma ba don ado aka sa shi ba.

Na koma wurin kawu da tawada da takarda. A ajami, harafin da ake kira ɗa mai hannu ne ke ɗaukar sautin harafina, kuma hannun nasa ya ba ni abin da zan daidaita da ƙugiyar boko, har suka zauna gefe da gefe a bayan katin.

Katin da na bari a shagon Baba ne ya kawo mini wata Hajiya mai yajin daddawa daga Yelwa. Da na je gidanta ban fara da buɗe kwamfuta ba. Na tambaye ta su wa ke sayen yajin, a ina ake ajiye shi, wace irin roba take zubawa. Na nuna mata ayyuka uku kawai daga kundina, kowanne da dalilinsa, kamar yadda na yi wa Goggo. Ta nemi in rubuta lambar NAFDAC don sitikar ta yi kwarjini, na ce, "Hajiya, zan bar mata gurbi, ranar da hukuma ta ba ki sai mu sa, amma ba zan rubuta wadda ba a ba ki ba." Ta yi dariya ta ce, "To 'yata, na ji." Muka yi sunan kayan da boko a sama, ajami a ƙasa, launi biyu. Da na kawo gwaji na liƙa a jikin robar, ta riƙe ta yadda mai saye zai riƙe, sai babban yatsanta ya rufe ranar da aka daka yajin. Ta ce a mai da ranar sama kusa da murfi, a kuma ƙara wa lambar wayarta girma. Na gyara a wurin, washegari na kai wa Baba ya fitar da faranti.